Jawabin Bulama Garbai

Tun da hantsi aka sa fursunoni suna janye matattun shanu daga bakin hanyar Gure, don kada baƙi su gani. Malam Sha'ibu na tsaye yana kallo, jandarma Aisami na bayansa kamar kullum.

Bara war haka Malam Sha'ibu yana koyar da ilimin noma a jami'a, can Yamai. Laifinsa ɗaya ne. An gayyace shi rediyo ya yi bayanin damina, ya buɗe baki ya ce abin da ke tafe yunwa ce. Sati bai zagayo ba aka karɓe ajinsa, aka ɗora shi a mota zuwa Gure. Sharaɗin bai da wuyar riƙewa: ya yi magana gaban taro, ko da taron suna ne, sai kurkuku.

Aikin Aisami shi ne ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, ya ji abin da ya faɗa, ya kai wa kwamandan jandarmomi da maraice. Ɗan ƙasar ne, ba ya fara'a, ba ya kuma manta kalma. Malam ya tsane shi. Don ya ƙuntata masa ma yakan zauna a zaure ya yi ta zuba darasi da Faransanci shi kaɗai, Aisami na bakin ƙofa yana sha dole.

Abin da Malam ya gani a ƙauyukan Bune ya hana shi cin abinci. Mata na haƙa gidan tururuwa suna neman tsabar da aka ɓoye. Ana sussukar ƙarangiya, ana jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don a ci. A wani gida ya tarar da yara kwance jere, ko korar ƙuda ba sa iya yi. Ran nan Aisami ya juya baya ya daɗe yana duban rairayi.

Yau ga masu ba da taimakon hatsi sun zo daga ƙasashen waje, tare da wani babba daga Yamai. In aka ce musu lafiya, babbar motar dawa za ta wuce wani wuri, mutanen Bune kuwa ba za su ga girbi ba. Malam ya san haka sarai, ga shi an ɗaure masa baki. Abin ya ishe shi har yakan ji kamar ya yi ihu a tsakiyar kasuwa.

Dabara ɗaya ta rage masa. A cikin dattawan da za su gaida baƙi akwai Bulama Garbai, mai gari daga Bune, wanda ya binne jikokinsa a wannan rani. Malam mutumin Dogondutsi ne, bai jin Barbarci, Bulama kuma Hausarsa ta gaisuwa ce. Sai da Hajja Yakura, mai gidan da Malam ke haya, ta shiga tsakani.

Malam ya ce mata, "Ki ce masa don Allah ya faɗa musu abin da ya gani. Ni an hana ni. Shi ba wanda ya hana."

Tsohon ya ce wani abu a hankali.

"Ya ce namiji ba ya kukan yunwa gaban baƙo," in ji Hajja. "Amma zai gwada."

Aisami na tsaye ya ji komai. Malam ya san an gama da shi, sai dai ya riga ya wuce jin tsoro.

Da azahar filin taro ya cika. Kwamandan, wanda shi ma baƙo ne a ƙasar, bai yarda da kowa ya yi tafinta ba sai amintaccensa Aisami. Gaban Malam ya faɗi. Ko tsohon ya yi magana, ta bakin wa za ta fita?

Bulama Garbai ya miƙe, kansa a ƙasa. Ya yi 'yar magana, Aisami ya juya ta da Faransanci, muryarsa a bushe kamar mai ba da rahoto.

"Ya ce rumbunansu babu ko ƙwaya tun kafin sanyi."

Tsohon ya ƙara 'yar magana. Aisami ya ce irin shuka ma an cinye, saboda haka ko ruwa ya sauka babu abin zubawa a rami. Ya ce yara ne ke fara tafiya, tsofaffi na bin su. Faransanci dai da tsawo yake, tsoho ya faɗi kaɗan tafinta ya daɗe yana ja. Talakawa na zaune abinsu suna gyaɗa kai, wasu har da shafa addu'a.

Baƙi suka daina murmushi. Wata baturiya ta ce ba za ta koma ba sai an kai ta Bune yau ɗin nan. Wani akawu mai jin Barbarci ya sunkuya ya raɗa wa kwamandan magana, fuskar kwamandan ta canza. Malam Sha'ibu ya rufe ido da hannu, hawaye na bin yatsunsa.

Da taro ya watse ya hango Aisami a cikin bayan motar jandarmomi, zaune tsakanin abokan aikinsa, an tuɓe masa hula. Malam ya ce a ransa, a je a kai rahoto, magana dai ta fita. Ya ruga gida ba kowa a bayansa.

Ya sami Bulama a zaure, ya durƙusa ya kama hannunsa yana ta godiya. Tsohon ya ƙi ɗaga kai.

"Malam, bar gode masa, kana ƙara masa kunya," in ji Hajja Yakura. "Da kunnena na ji. Sannu da zuwa ya yi wa baƙi, ya ce lafiya lau muke, ya roƙa musu Allah ya kai su gida lafiya. Sauran duk Aisami ne."