Filogin da Aka Naɗe da Salatif

Tun da aka kai su atisaye can arewa, hankalin Kofur Sindre Haugland yana gida. Matarsa Ragnhild ta haihu yana daji, bai ga 'yarsa ba sai a hoton waya. Yau ne za a sallame su. Abin da ya rage a naɗe tantuna, a kwance wayoyin janareto, a loda a mota.

Filogin babbar wayar da ke kai wuta tantin kwana ya tsage tun makon jiya. Sindre ya gani, ya naɗe shi da salatif, ya ce in an koma bariki zai faɗa wa manya. Da safen nan kuwa rana ta leƙo, dusar ƙanƙara ta soma narkewa, filogin yana kwance cikin ruwa.

Abokinsa Torstein ya hango shi ya nufi wurin da sauri. "Kai, angon ƙarni! Kashe injin janareton tukuna mana. Yarinyar ba za ta yi aure kafin ka isa ba."

Sindre ya yi dariya. "Ana dafa wa Sajanmu kofi da wutar. In na kashe, ɗanye zai cinye ni. Wannan layin kaɗai zan zare."

"To ina safar hannunka ta roba?"

"Tana mota. Abin da yanzu zan gama?"

Ya durƙusa cikin caɓi da jiƙaƙƙiyar safar ulu a hannu, ya kama filogin ya murɗa. Salatif ya zame. Wuta ta riƙe shi, ko ihu bai iya yi ba. Kafin Torstein ya kai ga kashe injin, hannun ya riga ya ƙone.

A asibiti ya farka. An yanke hannun dama daga gwiwa, na hagu yana cikin bandeji. Ragnhild ta zo da jaririyar, ta tsaya tana neman inda za ta miƙa masa ita. Daga ƙarshe ta kwantar da ita a ƙirjinsa, ta juya tana share ido.

Aikin soja ya ƙare ke nan. Da sanyi ya zagayo, Torstein ya biyo ta gidan Sindre da kakinsa, za su sake tafiya arewa.

"Wa ke kula da inji yanzu?" in ji Sindre.

"Wani sabo. Surutunsa ya fi aikinsa."

Suka yi dariya, ta Sindre ba ta yi nisa ba. Ya raka shi bakin ƙofa, ya tsaya cikin sanyi yana kallon motar Torstein har ta sha kwana. Sai da Ragnhild ta kira shi sau biyu kafin ya ji.

Mai karatu, kada ka taɓa filogi ko wayar janareto sai ka kashe inji, hannunka a bushe, da safar roba. Filogin da ya tsage canja shi ake yi, ba a naɗe shi.