Mai Auna Dusar Ƙanƙara

Kullum bayan Azahar hoton yake shigowa wayar Alhaji Bukar: farin katako, dusar ƙanƙara a kansa, rula a tsaye a ciki. Shi kuwa sai ya bi majalisar ƙofar gidansa a Shahuci da wayar, mutum-mutum, har wanda bai tambaya ba.

Mikail ne ke turowa daga Kanada, ɗan da Alhaji ya sayar da gona ya tura karatu. Aikinsa yanzu auna dusar ƙanƙara, kuma Alhaji ya haddace aikin tsaf daga saƙonnin murya. Ba a ajiye katakon kusa da bango, don iska na tara ta a can. Dole katakon ya zama fari, baƙi yana jan zafi ya narkar da ita. Ana aunawa a share, in an bari ta danne kanta awon ya yi ƙarya. Ƙugin da ake ji a bayan muryar kuwa, Alhaji ya ce injin ofishinsu ne.

Yana da wani ɗan, Gambo, mai sayar da ƙanƙara da ɗanyen kifi a wani ɗakin sanyi a Ƙofar Ruwa. Wannan ko sunansa Alhaji ba ya son kira, "mai ƙarni" yake ce masa. In Gambo ya gaishe shi, sai ya toshe hanci. In ya ga uwar Gambo ta cika masa kular abinci, sai ya ce jaki ma ba ya cin na mutum biyu. Ranar da Gambo ya sayo rigar sanyi a gwanjo ana tsakiyar zafi, sai da Alhaji ya ɗaga ta a majalisa aka sha dariya. Gambo bai taɓa ɗaga ido ba.

Malam Sule, abokin wasan Alhaji, shi ya tsokano abin wata Laraba da hantsi.

"Alhaji, ai gidanka ya dace! Ɗaya na auna ƙanƙara, ɗaya na tallanta. Su haɗa jari mana."

Majalisa ta fashe da dariya. Alhaji ya ji kamar an mare shi. A haɗa Mikail da mai ƙarni a baki ɗaya? Ya shiga gida ya ɗauko ƙaton kwaɗon da yake rufe sito da shi, ya tari a-daidaita-sahu.

Shagon Gambo ya nufa. Ai nasa ne, aro ya ba yaron. Ya tarar Gambo ya tafi kai kaya Dawanau. Janareto na ta ruri, ƙofar ɗakin sanyin an ja ta ba a rufe ba, rigar gwanjon nan na rataye a ƙusa. Ya tura ƙofar da ƙafa, ya danna kwaɗo, ya jefa rigar a kwata. Maƙwabta suka ce ko a kashe injin.

"Ku bar shi ya shanye man, kifin ya ruɓe a ciki. Duk wanda ya taɓa kwaɗon nan ban yafe ba."

Wa zai shiga tsakanin uba da ɗa? Kowa ya koma rumfarsa.

Ranar Alhaji ya ci abinci da daɗi. Abu ɗaya ne ya rage masa armashi, Azahar ta wuce hoto bai zo ba. La'asar ma shiru. Ya gaya wa majalisa cewa in dusar ƙanƙara ta zuba da yawa layinsu na ɗaukewa, Mikail ya sha faɗa masa.

Dab da Magariba aka aiko masa: Gambo ya dawo, yana fasa kwaɗon da guduma.

Alhaji ya taho da rabin majalisa a bayansa. Tun daga nesa ya fara. Ya kira shi asararre, ya ce ya cire shi daga cikin 'ya'yansa, ya ce da a ce Mikail kaɗai Allah ya ba shi da ya fi masa. Gambo bai juyo ba. Dukan ƙarfen kawai yake yi, hannunsa na jini, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Kwaɗon ya faɗi. Farin hayaƙin sanyi ya bugo su.

Abin da Alhaji ya fara ganewa katakon ne, a kan kwalin kifi, an tara masa ƙanƙarar da aka kankaro daga bango, rula a tsaye a ciki. A bayan ƙofar kuwa, a sandare ba rai, da waya a hannunsa layinta ya ɗauke, Mikail ne, wanda aka koro daga Kanada tun bara, Gambo yake ɓoye da shi yana ciyarwa don kada ubansu ya ji kunya.