Jirgin Da Aka Jiƙa

Da ɗansa ya jawo jirgin faiba daga ƙarƙashin kogin Argungu, tsohon masuncin ya ga farar fatar nan mai sheƙi duk ta yi bororo.

Wata biyu ke nan da ya ga tsaga a jikinsa, ya nutsar da shi, yadda ake yi wa kwale-kwale don katakon ya kumbura ya haɗe.

"Baba, wanga ba icce ba na," in ji ɗan, yana juya gwangwanin man faci. "Ruwa ya shige mashi ciki."

Tsohon ya shafa bororo ɗaya, ya fashe masa a yatsa. Ya waiwaya inda kwale-kwalensa ke kwana. Tun bara suka faskara shi, suka yi bandar kifi.