Randar Bakin Hanya

Tun ɗazu nake sauraronka, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kai da gemunka da iyalinka ka zo ka zauna mini a tabarma kana cewa rayuwarka fanko ce, wai kullum abu ɗaya, ka buɗe shago, ka rufe shago, ka ci tuwo, ka kwanta. To gyara zama. Ni ba zan lallashe ka ba, misali zan ba ka.

An yi wani manomi da gidansa ke bakin hanyar da mutanen ƙauyuka ke bi zuwa kasuwa, wasu a ƙasa, wasu a kan jakuna. A ƙofar gidan akwai tsamiya, a gindinta kuma akwai randa da aka binne rabinta cikin yashi, an rufe ta da faifai, ga moɗa a kai. Ubansa ne ya kafa ta sadaka saboda matafiya, shi kuma ya gada. Kowace safiya sai ya je rijiya ya yi ta jan guga har ya cika ta, sannan ya saɓa fartanya ya wuce gona. In ya dawo da yamma sai ya tarar an shanye ta ƙaf, ko na wanke ido babu. Bai taɓa ganin masu shan ba, don lokacin da rana ke dukan matafiya shi yana can duƙe a gona, kuma ba wanda ya taɓa jiransa ya ce masa sannu. Yau da gobe abin ya fara cin sa. In ya leƙa randar ya ga ba komai sai duhu, sai ya ji kamar cikinsa ya leƙa. Ga kuma 'yan zaman kashe wando, waɗanda ko buta ba su taɓa cika wa wani ba, suna yi masa dariya, wai sa'o'insa sun tafi birni sun zama mutane, shi yana nan yana bautar tukunya. Waɗannan su suka fi ba ni haushi, ba sa yi, ba sa barin mai yi. Shi kuwa sakarai ya ɗauki maganarsu ya sa a ka. Ran nan ya tone randar ya kife ta, ya bar wa ƙanensa gona, ya tafi birni neman abin da zai cika masa zuciya.

A birni ya yi dako, ya yi gadi, ya tura baro, ya ga fitilu har ya gaji da ganinsu, amma ramin da ke ransa yana nan yadda ya zo da shi. Wata rana yana cin abinci a tasha, sai wani dattijo mai fataucin daddawa da ke zaune kusa da shi ya tambaye shi garinsu. Da ya faɗa, dattijon ya ajiye lomar da ya ɗauko ya ce, "Garin mai randa? Allah ya jiƙan bawan Allahn nan. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma shekarar da na ɗauko matata a jaki ba ta da lafiya, ba don ruwansa ba da a hanya zan binne ta. Yanzu randar a kife take, mun san rasuwa ya yi, don mai irin wannan hali ba ya dainawa da ransa." Dattijo ya ɗaga hannu ya yi addu'a, mutanen wurin suka taya shi. Gogan naka shi ma ya ɗaga hannu ya ce amin, kunya ta hana shi ya ce ga shi nan da ransa da lafiyarsa. Bai ƙara mako a birni ba ya koma gida. Ya tarar tsohuwar randa ta tsage, ya sayi sabuwa, ya binne ta a gurbin waccan, ya cika ta ya tafi gona zuciyarsa fara ƙal. Ya manta ƙishirwa ba ta jiran kowa. Matafiya sun riga sun fasa wata hanya ta bayan gari inda akwai rijiya, tsohuwar hanyar kuwa ƙaya da ciyawa sun cinye ta. Da yamma ya dawo ya ɗaga faifai, ya ga ruwa cike har baki, ba wanda ya taɓa moɗa. Gobe haka, jibi haka, har ruwan ya yi gansakuka, ya zubar da shi da hannunsa. A nan ya zauna gindin tsamiya ya yi kuka kamar yaro, yana roƙon Allah ya nuna masa ranar da zai sake tarar da ita ba ko ɗigo.

To kai ma haka kake so ka yi? Tsohuwar da ke zuwa shagonka sayen gishiri don ta san kullum a buɗe yake, da 'ya'yan da ke cin tuwon nan da ka raina, su ne masu shan ruwanka, ko sun ce maka sannu ko ba su ce ba. In ka gaji da yamma, don an sha ruwanka ne, kada ka ƙara kiran wannan fanko a gabana. Tashi ka je ka buɗe shagonka tun hanya ba ta kauce maka ba. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.