Ba Gajiya

Tun da aka kafa dokar walwalar ma'aikata, aikina shi ne yi musu lacca kan kwanciyar hankali, wata rana ta intanet, wata rana ido da ido. Yau wata masaƙa ce a Bompai. A bangon zauren an liƙa wani kunnen ƙarfe, shi ke sauraron ma'aikata ya yanke ko sun gaji.

Na yi sallama, na gaishe su yadda kowa ke gaisuwa. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya!" suka amsa baki ɗaya.

Kunnen ya kawo koriyar wuta. Manajan, Alhaji Tanimu, har da tafi. "Kin ji ko, Malama? Kullum da bakinsu suke faɗa. Shi ya sa muka soke hutun Juma'a."

A layin gaba wani dattijo yana gyangyaɗi, yatsunsa ɗaure da tsumma. Na ajiye makirufo na durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ka faɗi gaskiya abin nan ya ji. Ka ce ka gaji."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. "Haba 'yata. Baƙuwa ta gaishe ni in ce mata na gaji? Ba haka aka raine ni ba."

Da na gama, Alhaji ya miƙo mini lemo mai sanyi yana washe baki. "Sannu, Malama. Ina gajiya?"

Kafin in ankara, bakina ya riga ni. Wutar ta sake yin kore.