Ruwan da Balnur ke Kulawa da Shi

Balnur ta cire zobenta ta ajiye a kan taga, don maganin ruwa yana dusashe azurfa. Ta sa safar hannu ta roba da tsohuwar rigar aikin lambu, ta zagaya lambun da ke bayan gidan ta ɗage murfin bahon ruwan ɗumi. Tururi ya tashi ya shiga cikin rassan tuffa. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauko kan duwatsun Talgar.

Sanjar ne ya sayo mata wannan katafaren bahon ruwan ɗumi a shekarar aurensu ta farko. A lokacin sukan zauna a ciki har yatsunsu su yi tamoji, yana ba ta labarin garuruwan da zai kai ta. Yanzu shekara guda ke nan bai sa ƙafa a ciki ba. Ita kuwa ba ta taɓa barin ruwan ya gurɓace ba, ko za a wayi gari ya ce ta matsa masa ya shiga.

Sai ga shi makon jiya ya riƙe hannunta a kicin. Ya ce za su tafi bakin teku wata guda, su biyu kawai, su gyara abin da ya lalace tsakaninsu. Shi zai riga ta tafiya ya nemi masauki, tikitinta zai biyo baya. Ya ɗauki manyan akwatuna biyu, har da rigunan sanyi, ta yi masa dariya. Kafin ya fita ya ce wata mata za ta zo ran Asabar, Balnur ta koya mata kula da ruwan.

Matar ta iso da hantsi a farar mota mai ƙyalli. Ba ta ƙwanƙwasa ba, da makulli ta buɗe ƙofar waje. Ta ce sunanta Raushan. Ta kai shekara hamsin, takalminta kuma ba irin na taka laka ba ne. Balnur ta ce a ranta, masu jiran gida ma sun waye.

Ta fara da 'yar takardar gwaji. Ta tsoma ta a ruwa, ta ƙirga goma sha biyar, ta ɗora ta kusa da launukan da ke jikin kwalba.

"Sau biyu a mako, Yaya. In nan ya yi fari, magani ya ƙare. Cokali ɗaya, inji yana aiki, murfi a buɗe."

Raushan ta rubuta a ƙaramin littafi. "In na zuba biyu fa, in huta?"

"Sai idonki ya yi ja kamar kin yanka buhun albasa."

Balnur ta zaro matatar ruwan daga raminta, ta nuna mata yadda ake wanke ta da tiyo, ninki bayan ninki, daga sama zuwa ƙasa, ba da sabulu ba. Ta ce duk mai shiga ya fara ɗauraye jikinsa, don man shafawa ne ke kawo kumfa. Ta goge zoben dauɗar da ke taruwa a bakin ruwa. Ta nuna mata famfon da ake zubar da ruwan duk bayan wata uku.

"Wannan ba zai kama ki ba," in ji Balnur. "Ban daɗe da canzawa ba."

Raushan ta rubuta shi ma, har ta ja layi a ƙasa.

"Ƙanwata, wannan ai ya fi jariri wahala."

"Jariri yana kuka ki sani. Ruwa shiru yake yi ya lalace."

Matar ta yi dariya sosai. Ta zagaya bahon tana shafa katakonsa. Ta tambayi inda takardun injin suke, da wanda ake kira in ya tsaya. Ta ɗaga kai ta daɗe tana duban bishiyar tuffa, ta ce ganyenta zai riƙa cika ruwa, da an rage mata rassa. Balnur ta ce a'a da sauri. Mahaifin Sanjar ne ya dasa ta tun kafin ya bar wa ɗansa gidan.

Wayar Balnur tana aljihu. Sau uku ta duba tun safe. Saƙonta na shekaranjiya yana nan Sanjar bai buɗe ba. Ta gaya wa kanta cewa neman masauki ba ya barin mutum ya zauna.

"Abu na ƙarshe, kuma ya fi duka," ta ce. "Komai sanyi, kada ki kashe wutar. In ruwa ya daskare a cikin bututu, ya fashe. Ko ba mai shiga, ki bar shi da ɗuminsa."

Ta sunkuya ta gyara igiyar murfin. Tana ganin ranar da za su dawo, fatarsu ta yi duhu da rana, Sanjar ya ajiye akwati a tsakar gida ya tambaye ta ko ruwan yana da zafi.

Ta kawo shayi da madara da soyayyen fanke a kan tire, suka zauna a bencin lambu. Raushan ta rufe littafinta, ta kurɓa, ta dube ta da irin kallon da ake yi wa yarinyar kirki.

"Ni fa ba zan iya wannan aikin ba, gaskiya. Gwiwoyina sun gaji. Ki ci gaba da zuwa mana duk Asabar, kin ji? Ranar da muka sa hannu a takardun sayen gidan, Sanjar da matarsa duk sun yabe ki, sun ce ba su taɓa samun 'yar aiki irinki ba."