Katin Likita a Aljihun Gola

Tun da ta iso barandar asibitin 'yan wasa take kai-kawo, ita zakarar tseren mita ɗari, ko igiyar takalminta ba ta ɗaure ba. Da saurayinta, golan ƙungiyar ƙwallo, ya ɓullo, sai ya kau da ido.

"Mahaifiyarka ta kira ni," in ji ta. "Wai ta tsinci katin likitan ƙwaƙwalwa a rigarka, ka ce mata nawa ne. Ta ce ɗanta ba zai auri mai taɓin hankali ba."

Ya shiga murza yatsunsa. "Tun ƙwallon da ta wuce ni a wasan ƙarshe ba na iya barci. In Mama ta ji, hankalinta zai tashi."

"Ni nawa ba ya tashi? Ni na rako ka wurin likitan nan tun farko, ban ji kunya ba. Ƙaryarka ce ta ba ni kunya."

Ƙofa ta buɗe, aka kira shi. Ya tsaya yana kallonta.

Ta durƙusa ta ɗaure takalminta tamau.

"Shiga, ina nan. In ka fito gidan Mama muka nufa, kuma kai za ka yi magana."